Yayin waƙa a Nijar: yadda abokai da zamani ke zaɓar wa matashi mawaƙi

Idan aka tambayi matashi a Maraɗi ko Damagaram dalilin da ya sa yake son wani mawaƙi, yakan ce muryarsa ce ta yi masa daɗi, ko kalamansa ne suka taɓa masa zuciya. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta cika ba. Kafin waƙa ta zauna a ran mutum, akwai wanda ya tura masa ita, akwai wurin da ya fara jin ta, akwai kuma abokan da ya dubi fuskokinsu lokacin da take tashi. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, ra'ayin waɗannan abokai shi ke tsaida wanda zai ci abinci da waƙa da wanda zai rataye kayan kiɗa ya nemi wata sana'a.

Kafin zuwan kaset

A ƙasar Hausa ta dā, kiɗan da mutum ke saurare yana bin gidan da aka haife shi da sana'ar da ya gada. Sarakuna na da makaɗansu masu tambari da kakaki da algaita. Mahauta na da kalangu. Manoma na da makaɗan da ke bin su gona ranar gayya. Ƴan dambe da ƴan kokowa na da masu zuga su, kamar yadda Ɗan Anace ya yi suna da waƙar Shago, kuma Sagalo ya zama muryar filin kokowa a Nijar. Makaɗi yana da ubangida, masu sauraro kuma sun san wanda ake yi wa waƙar. Biyayya ga makaɗi a wancan lokaci wani ɓangare ne na biyayya ga gari ko sana'a, shi ya sa takan daɗe har ta bi jikoki.

Rediyo, sannan kaset, su ne suka raba waƙa da wurin da aka yi ta. Ɗan Tawa ya iya zama a ɗakinsa ya saurari Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ba tare da ya taɓa ganin su ba. Da zaɓi ya yi yawa, sai aka fara tambayar wane ne gwani, amsar kuma ta koma hannun tsara.

Hukuma ma ta sa hannu. A zamanin Seyni Kunce an farfaɗo da samariya, ana shirya bukin matasa na ƙasa inda jahohi ke karawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa. A irin waɗannan gasa matashi yana goyon bayan ƙungiyar jaharsa ne, kamar yadda yake goyon bayan ɗan kokowarta wajen neman takobi.

Fada, inda ake yanke hukunci

Bayan babban taron ƙasa na 1991, samariya ta ja baya, aikin gwamnati ya yi wuya, gidajen rediyo masu zaman kansu suka fara buɗewa a tsakiyar shekarun 1990. A wannan lokaci ne fadojin matasa suka yawaita a birane, musamman Damagaram, kafin su bazu ko'ina. Sunan an aro shi daga fadar sarki. Fada tana da suna da ake rubutawa a bango, tana da shugaba, da tabarma ko benci, da butar shayi, da akwatin kiɗa. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogonduci, ta wallafa littafi sukutum a kan fada a 2019.

Akwatin kiɗa ɗaya ne, mutane kuma goma ko fiye. Wanda ke riƙe da shi yana da iko, amma yana kallon sauran. Waƙar da aka yi wa tsaki ba ta sake tashi. Wadda aka ce a maimaita, gobe kowa ya haddace ta. Sabon shiga yakan koyi abin da ake so kafin ya buɗe baki, domin kalma ɗaya, “baƙauye”, ta isa ta sa yaro ya ɓoye waƙar da yake so tun yana ƙarami. Galibi ba a tilasta wa kowa da faɗa. Dariya da zolaya da shiru su ke yin aikin. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: waƙar da mutum ya ji sau hamsin a bakin shayi, cikin mutanen da yake ƙauna, takan ƙare ta zama tasa da gaske.

Ƴan mata ba su cika zama a fada ba, amma suna da nasu wuraren: gidan kitso, gidan lalle, harabar makaranta, da bukin aure. Waƙar da ƙawayen amarya suka zaɓa a yi rawarta a buki guda tana iya zagaye unguwa cikin mako biyu, tare da anko da salon ɗaurin kallabi.

Yayin da suka zo suka wuce

Kowane yayi yana zuwa da tufafinsa da askinsa da kalmominsa. Rege ya shigo da Bob Marley, wanda ya rasu a 1981, sannan Alpha Blondy na Kodibuwa ya ƙara masa ƙarfi a Afirka ta Yamma. A ƙarshen shekarun 1990 rawar ndombolo ta Kwango ta mamaye wuraren shaƙatawa. Daga 2003 kiɗan kupe-dekale na ƴan Kodibuwa ya karɓe fili, da taƙama da kaya masu tsada da watsa kuɗi a bainar jama'a.

Rap ya shigo ta hannun ƴan makaranta, waɗanda ke sauraren Tupac na Amurka da MC Solaar na Faransa da Positive Black Soul na Senegal. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Kaidan Gaskiya da Wass-Wong suka fara rera shi da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, suna magana kan zaman kashe wando, cin hanci, auren dole da cutar sida. Manyan wanduna da hular hana-salla suka zama shaidar ɗan rap. Iyaye da yawa sun ɗauki abin a matsayin lalacewa, wannan ƙyamar kuma ta ƙara masa daraja a idon yara.

A daidai lokacin, waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda a Nijar aka fi sani da dandalin soyayya, suna shigowa ta Maraɗi da Damagaram da Birnin Konni. Ɗan lise mai jin Faransanci yakan raina su a gaban abokai, ya ce na mata ne ko na marasa boko, alhali a gida yana bin amshinsu. Daga baya sun yi ƙarfin da raini bai iya tsaida su ba. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, a Kano ta yi suna, kuma waƙar “Jaruma” ta Hamisu Breaker ta zagaye ƙasar Hausa baki ɗaya a 2020, lokacin da mata suka yi ta ɗaukar bidiyon rawarta suna sakawa a intanet.

Masanin Faransa Pierre Bourdieu ya bayyana irin wannan a littafinsa La Distinction na 1979: abin da mutum ke cewa yana so hanya ce ta nuna ajin da yake ciki, da ajin da ba ya so a haɗa shi da su. A biranen Nijar layin yakan ratsa tsakanin ɗan boko da wanda bai yi lakwal ba, tsakanin ɗan birni da baƙon da ya zo ci-rani, tsakanin yaro da ubansa.

Abin da gwaji ya nuna

A 2006 masu bincike uku na jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok, Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts, sun fitar da sakamakon wani gwaji da ya haɗa mutane fiye da 14,000. An ba su waƙoƙi 48 na ƙungiyoyin da ba a san su ba, su saurara su ɗauki waɗanda suke so. Wasu ba a nuna musu zaɓin kowa ba. Sauran an raba su rukuni takwas, kowane mutum yana ganin yawan waɗanda suka ɗauki kowace waƙa a rukuninsa.

Inda mutane ke ganin zaɓin juna, waƙar da ta fara yin gaba sai ta yi wa saura fintinkau. Kuma waƙar da ta zo kan gaba a wani rukuni tana iya zama a tsakiya ko can baya a wani, duk da cewa waƙoƙin ɗaya ne. Ingancin waƙa bai tashi a banza ba: mafi kyau ba su cika faɗuwa warwas ba, mafi muni ba su cika yin nasara ba. Amma a tsakanin nan, waɗanda suka fara zaɓa su ke ja wa saura hanya. Abin da ke faruwa a fada ke nan, a ƙaramin ma'auni.

Daga kati zuwa TikTok

Salula ta ƙara wa lamarin sauri. Daga ƙarshen shekarun 2000 masu tura waƙoƙi suka kafa tebur da kwamfuta a kasuwanni da tashoshin mota, suna cika wa mutane katin waya da ƴan kuɗi kaɗan. Mai saye sau da yawa ba ya kiran sunan mawaƙi, cewa yake a zuba masa waɗanda ake yayi. Ta haka mai tebur ya zama alƙali, abokai kuma suka ci gaba da tura wa juna ta Bluetooth.

Tarihin Mdou Moctar, mai kaɗa jita daga jahar Tawa, ya nuna ƙarfin wannan hanya. A 2008 ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato, da Tamashek, amma da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya rarraba su. Daga waya zuwa waya suka ratsa Sahel, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu ya nemo mai ita. Yau Mdou Moctar yana wasa a manyan dandamalin Amurka da Turai.

TikTok ya kawo abin da gwajin 2006 ya auna: kowa yana ganin adadin waɗanda suka kalla. Waƙa kan tashi da daƙiƙa goma sha biyar na amshinta da salon rawa guda, ta mamaye wata ɗaya ko biyu, sannan wata ta ture ta.

Biyayya ga mawaƙi

Goyon baya ya fi zafi inda akwai abokin hamayya. Lokacin da ƙungiyar Wenge Musica ta Kinshasa ta rabu a ƙarshen 1997, masoyanta sun kasu tsakanin Werrason da JB Mpiana, gardamar kuma ta ƙetare iyakar Kwango. Magoya bayan DJ Arafat na Kodibuwa suna kiran kansu ƴan Sin saboda yawansu, kuma rasuwarsa a haɗarin babur a watan Agusta na 2019 ta nuna yadda suka ɗauki kansu dangi guda. A tsakanin masu sauraren waƙoƙin Hausa ma, gardamar wane ya fi wane tana cin dare, kuma wanda ya sauya sheƙa yakan sha gori.

Irin wannan biyayya tana da rauni guda: ta rataya ne a kan taron da ya haife ta. Idan fada ta watse, wani ya yi aure, wani ya tafi Agadas ko Legas ko Abijan neman kuɗi, mawaƙin da ake rantsuwa da shi yakan bi ta. Akwai kuma matsi ta wata fuskar. Matashin da ya shiga cikin abokai masu tsananta riƙon addini yakan goge waƙoƙi daga wayarsa ya cika ta da wa'azi da karatu, wani kuma ya koma ga waƙoƙin bege. A watan azumi hakan kan zama ruwan dare na ɗan lokaci.

Abin da kan tsira shi ne waƙoƙin da mutum ya ji tsakanin balaga da farkon aure. Magidanci mai shekara hamsin da ke cewa kiɗan yanzu hayaniya ne, yana jin Sa'adu Bori ko Mali Yaro ko Mamar Kassey sai ya gyara zama, domin waƙar ta dawo masa da abokan da ya ji ta tare da su. Shi ma a lokacinsa yayi ya bi, kuma mahaifinsa ya faɗa masa irin maganar da yake faɗa wa ɗansa.

Abin da hakan ke ja wa mawaƙa

Mawaƙin Nijar ba ya samun abin kirki daga sayar da faifai, tunda kati da WhatsApp ke raba waƙarsa kyauta, duk da akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA. Abincinsa yana wajen bukukuwa, wasanni, tallan kamfanoni da gangamin siyasa, su kuma masu gayyata suna neman wanda ake yayi ne. Shi ya sa mawaƙa da yawa ke sauya salo duk bayan shekara biyu ko uku. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma mai sauyawa yana iya rasa tsofaffin masoya ba tare da ya samu sababbi ba.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne masu kayan gargajiya. Yaron da ya gaji gurmi ko goge ko kalangu yana tsoron dariyar tsararsa fiye da faɗan ubansa. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, sai da ya je yankin tafkin Cadi ya koyi biram daga bakin tsohon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya kaɗa shi. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai tana adana irin waɗannan kayayyaki tana koyar da su, amma cibiya ba ta iya sa fada ta so abu.

Yayi kuma yakan juyo. Jitar Abzinawa, wadda wasu ƴan birni ke yi wa kallon kiɗan daji, ta ƙara daraja a gida bayan Bombino na Agadas ya yi suna a waje, har aka sa shi cikin masu neman kyautar Grammy ta 2019. Mawaƙan zamani da dama yanzu suna saka sautin kalangu da gurmi cikin kiɗan kwamfuta, kuma matasan da suka raina waɗannan kaya a hannun tsoho suna rawa da su a bukin abokinsu.