'Yan Mazan Jiya: Bashi Ko Sadaka?

Duk wanda ya san barikokin soja na ƙasar nan zai lura da wasu sunaye baƙi waɗanda ba su yi kama da na kowane harshe namu ba. Akwai barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, akwai Letmauk a Ibadan, ga kuma Dalet a Kaduna. Waɗannan duka sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka gwabza da sojojin Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin da tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. An karrama wuraren da aka zubar da jini ta hanyar raɗa wa gine-gine sunayensu. Abin da muke son dubawa a nan shi ne yadda aka yi da masu jinin bayan an busa ƙahon sallama.

Aikin soja a ƙarƙashin Turawa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun a 1863 Kyaftin Glover ya tara 'yar rundunarsa a Legas, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, kuma har zuwa lokacin yaƙin Hausa ce harshen bariki. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can suka faɗa dazuzzukan Kaladan da Arakan. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 90,000 daga Afirka ta Yamma suka je wannan fage, fiye da rabinsu kuwa 'yan Nijeriya ne. Da yawansu manoma ne da sarakuna da hakimai suka taimaka wajen tattarowa, wasu da son ransu, wasu kuwa ba yadda za su yi.

Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai maganar kuɗin sallama ta taso. Takardun gwamnatin Ingila da aka bankaɗo a 2019 sun nuna cewa an auna wannan kuɗi ne da launin fata: farabiti Bature yana samun sule goma a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai irin muƙaminsa kuwa sule uku da sisi. Harsashin Japan dai bai tambayi launin kowa ba. A Nijeriya an yi doka a 1945 don a tilasta wa ma'aikatu su ɗauki tsofaffin sojoji aiki, to amma guraben ba su kai yawan masu nema ba, kuma abin da ya fi samuwa shi ne gadi da masinja da ɗan doka. Wanda ya koyi tuƙi ko kanikanci a soja ya ɗan tsira. Wanda kuwa bindiga kaɗai ya sani, sai ya koma gona da lambar yabo a ƙirji da labarin Bama a baki.

Ba a Nijeriya kaɗai abin ya yi ɗaci ba. A ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji a Ankara, babban birnin ƙasar da a yau ake kira Gana, suka yi jerin gwano ba tare da makami ba zuwa fadar Gwamna don su miƙa kukansu a kan fansho da rashin aiki. 'Yan sanda suka tare su, wani jami'i Bature ya buɗe wuta, aka kashe Saja Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ce ta girgiza mulkin mallaka a can, ba a cika shekara goma ba ƙasar ta sami 'yanci a 1957. A ɓangaren Faransa kuwa, inda 'yan'uwanmu na Nijar suka yi aiki a rundunar da ake kira ta 'yan Sanagal ko da yake ta ƙunshi ƙabilu da yawa, abin ya fi muni. A ranar 1 ga Disamba, 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, an harbe sojojin da suka dawo daga kurkukun Jamus saboda sun nemi a biya su bashin albashinsu. Hukuma ta ce mutum 35 ne, masana tarihi da dama sun ce adadin ya zarce haka nesa ba kusa ba. Daga baya, a 1959, Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta mallaka, ya tsaya cik alhali na Faransawa yana ta hawa. Sai da wani tsohon soja ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara aka yanke hukunci a 2001, sannan aka daidaita fanshon gaba ɗaya a 2011, lokacin da galibin masu hakkin sun riga mu gidan gaskiya.

Sai dai kada mu ɗora wa Nasara laifin duka, domin bayan tafiyarsa ma halin bai sake sosai ba. A 1964 aka kafa Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya da doka, don ta kula da tsofaffin sojoji da iyalansu. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa kimanin 250,000 kafin 1970. Rage wannan taro ya zama jan aiki ga gwamnatocin da suka biyo baya. An buɗe cibiyar koyar da sana'a a Oshodi don masu barin aiki, amma cibiya ɗaya ba ta isa ta ɗauke wannan nauyi ba. Waɗanda suka yi yaƙi a ɓangaren Biyafara kuwa, sai a shekarar 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar da aka yi musu ritaya, shekara 30 bayan an ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

A nan ne muke ganin tushen matsalar. Ranar da ake ɗaukar kurtu, hukuma ce mai buƙata, don haka bakinta cike yake da alkawari. Ranar biya kuwa buƙatarta ta riga ta wuce, sai abin da yake bashi ne a kanta ya rikiɗe ya koma kamar taimako. Dubi yadda ake bikin tunawa da sojoji a ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, ranar da aka zaɓa a maimakon 11 ga Nuwamba saboda ta dace da ƙarshen yaƙin basasa. Ana ƙaddamar da 'yar alama, manya su yi alkawarin gudummawa, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Babu laifi a cikin wannan, amma tsarin neman agaji ne. Wadda ta fi kowa jin jiki ita ce matar mamaci, wadda dole ta bar ɗakin bariki bayan ɗan wa'adi, ta shiga bin ofisoshi da takardu don tabbatar da cewa ita ce magajiya, sau da yawa kuma dangin miji na jayayya da ita a kan haka.

An dai sami gyare-gyare. Akwai Hukumar Fanshon Soja, kuma a 2011 an cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da aka shigo da shi a 2004, aka mayar da nauyin biyansu kai tsaye a kan gwamnati. Yaƙin arewa maso gabas, wanda ya faro a 2009, ya ƙara yawan zawarawa da marayu da naƙasassu da ke jiran wannan hukuma. A watan Disamba na 2024 tsofaffin sojoji, wasunsu da sanda a hannu, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suka toshe hanyar shiga, suna neman a biya su ariyas ɗinsu.