Ma'aunin pH: Daga Ina Zuwa Ina Yake Aunawa?

Kunun tsamiya da kunun kanwa, waɗanda ake damawa a gidajen Hausawa tun daga Kano har unguwar Sabo ta Ibadan, sun samo sunansu ne daga abubuwa biyu masu kishiyantar juna a ilimin sinadarai. Tsamiya asid gare ta, kanwa kuwa tana kashe kaifin asid. Ma'aunin pH shi ne ke nuna inda kowane ruwa ya faɗa tsakanin ɓangarorin nan biyu.

Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, ya ƙirƙiro ma'aunin a shekarar 1909. Bisa al'ada yakan tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, inda tataccen ruwa yake. Abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura kuma yana ɓangaren kanwa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, jinin ɗan Adam kuwa tsakanin 7.35 da 7.45.

Kowane mataki ninki goma ne. Ruwa mai pH 3 ya fi mai pH 4 ƙarfin asid sau goma, ya fi mai pH 5 sau ɗari.

Sai dai 0 da 14 ba su ne ƙarshe ba. A mahaƙar Iron Mountain da ke jihar Kalifoniya a Amurka, an auna ruwan da ya sauka ƙasa da sifili, har -3.6. Ruwan sodar yin sabulu mai ƙarfi sosai kuma yakan zarce 14. Ita ma lamba 7 tana zama tsakiya ne a zafin digiri 25. Idan tataccen ruwa ya tafasa, tsakiyar takan sauko kusan 6.1. Haka nan an tsara ma'aunin ne don abin da ya narke cikin ruwa, ba a auna manja ko man gyaɗa da shi kai tsaye.

Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta amince da pH tsakanin 6.5 da 8.5. Amma ruwan rijiya na iya faɗawa cikin wannan zango alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko gubar dalma. Gano waɗannan sai da gwaji na daban.