Turba da Burtali: Tarihin Hanyoyin Ƙafa na Ƙasar Gaya

Masu rubuta tarihin ƙasar Kano sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa, ba safai sukan waiwayi hanyar da aka bi aka je wurin yaƙin ba. Alhali kuwa kafin zuwan mota, kaya da labari da umurnin sarki duk bisa ƙafa suke tafiya, ko ta mutum ko ta dabba. Garin Gaya, wanda ke kimanin mil 40 gabas da birnin Kano, ya isa misali. Kusan duk inda sunansa ya fito cikin tsofaffin labarai, zancen tafiya ake yi: wani ya taso daga can, ko wani ya sauka can, ko kuwa wani ya ƙi tasowa da aka kira shi.

Tafiya ta fari ita ce ta Abagayawa. Bisa ga labarin da aka gada, wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, har ya iso gindin Dala, ya sami abin da yake nema, ya zauna, garin kuma ya ci sunansa. Ba a kafa shekara da irin wannan labari. Amma fa masu binciken kayan tarihi sun tono alamun narka ƙarfe a Dala waɗanda aka ƙiyasta sun kai ƙarni na 7, saboda haka zancen maƙera ba ƙaga shi aka yi da rana tsaka ba. Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya taso daga Gaya ya nufi Dala, tilas ya ƙetare babban kogin nan da ya ratsa ta Wudil. Watau tun labarin farko akwai mashigi a ciki, ko da ba a ambace shi ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya zuwa Ingilishi ya buga a 1908, ya ƙara haske kaɗan. Ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438-1452, bisa lissafin Palmer) aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu kuwa (1452-1463) sai ga Agalfati, ɗan Sarkin Macina, ya zo shi da 'yan'uwansa uku. Shi ne Sarkin Gaya, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan kuma ya sami Haɗeja. A wannan zamani ne dai littafin ya ce Barebari suka yi ta shigowa da yawa. Idan aka jera waɗannan abubuwa, za a ga sarautun gabas sun kafu ne daidai lokacin da hanyar gabas ta fara kawo arziki. Mai hankali ba ya ɗaukar wannan a kan katari.

Bayan shekaru wajen 200, a zamanin Sarki Dadi (1670-1703), Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara 3 bai kai gaisuwar da aka saba kai wa Kano ba, sai da aka yaudare shi ya zo ganawa kana aka kashe shi. Duk da haka jikansa ta wajen 'yarsa Maryama, watau Muhammadu Sharefa, shi ya gaji sarautar Kano a 1703, mutanen Gaya kuma suka yi ƙarfi ƙwarai a fada. Littafin bai faɗi abin da ya ba Farin Dutse wannan gaba ba. Sai dai wanda ya san ƙasar zai yi tsammanin kogi ne da hanya: ruwa yana tsakaninsa da birni wata da watanni kowace shekara, fatake kuwa ta ƙofarsa suke bi.

Daga nan takardu suka yi shiru game da hanyoyin kansu. Barth, Bajamushen nan da ya rubuta kusan kowane zango da ya sauka, da ya tashi daga Kano zuwa Kukawa a 1851 ta Gezawa da Gumel ya bi, ya bar Gaya can kudu da shi. Saboda haka wanda ke son tarihin turbobin Gaya da Ajingi, shaidu biyu suka rage masa, watau harshe da ƙasar kanta.

Shaidar harshe ba ƙarama ba ce. Bahaushe bai tara hanyoyi duka cikin kalma guda ba. Turba ita ce siririyar hanya wadda sawu ya fitar, ba wanda ya share ta. Gwadabe shi ne faffaɗa, mai ɗaukar ayari da jakuna da dawaki. Burtali hanyar shanu ce tsakanin gonaki, da shinge dama da hagu, galibi na aguwa; labi kuwa doguwar hanya ce wadda garke ke bi daga ƙasa zuwa ƙasa. Waɗannan biyu na ƙarshe daga Fillanci aka aro su, domin a can ana cewa burtol, ana kuma cewa laawol, jam'insa laabi. Abin sha'awa, Hausa jam'in ta ɗauka ta mai da shi tilo. Aron kalma irin wannan shaida ce cewa manomi da makiyayi sun daɗe da zama suka shata iyaka, har manomi ya karɓi sunan da makiyayi ya ba abin. Sa'an nan ga loko, inda 'yan dako ke jingine kaya su huta ba tare da sun sauke shi ƙasa ba. Ga zango, inda ake kwana. Ga mashigi, ga fito. Titi da kwalta baƙi ne, da motar Turawa suka shigo, kuma har yau tsoho a ƙauye ba ya kiran hanyar gonarsa titi.

Shaida ta biyu sai an taka. Tsakanin Gaya da Ajingi, wadda ke arewa da ita, tafiyar safiya guda ce ga mai ƙarfi. Ƙasar jigawa ce mai rairayi, tana gangarawa sannu zuwa fadamun kogin da ya taso daga Wudil ya nufi Ringim. Baƙo zai ce daji yake gani mai itatuwa jefi-jefi, amma ba daji ba ne, gonaki ne, kowane itace kuma da dalilin da ya sa gatari ya ƙyale shi. An bar ɗorawa don kalwa, an bar kuka don miya da igiya, tsamiya don kunu. Gawo kuwa, da yake da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Inda aka tarar da kukoki sun taru wuri guda babu gida kusa, yawanci kufai ne, kuma in an duba za a ga turbobi sun haɗu a wurin, suna zuwa garin da babu shi. Tsohuwar hanya takan nutse ƙasa da gonakin gefenta, saboda sawu da ruwan sama sun daɗe suna cinta. Dogon yaro kuwa shekarunsa kaɗan ne a ƙasar nan, zamanin Turawa aka kawo shi. Hanyar da aka jera shi a bakinta, hannun hukuma ya taɓa ta.

Ba don shan iska aka fitar da waɗannan hanyoyi ba. Kasuwa da rijiya da gona da zumunci su suka fitar da su, almajirai kuma suka bi su zuwa gabas neman karatu da kaka. Lokacin tafiya ma sananne ne, daga an gama girbi har zuwa bazara, sa'ad da kogi ya janye.

Abubuwa uku suka rage musu daraja. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kai shi Nguru a 1930 ta Ringim, ya janye gyaɗa da fatauci zuwa arewacin kogi. Hanyar mota ta Wudil ta tattara sauran tafiye-tafiye ta zuba su kan gada ɗaya, har ga shi yau babban titin Kano zuwa Maiduguri ya bi ta Gaya ya nufi Shuwarin. Na uku, dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, da na Challawa a 1992, sun sake halin kogin, yadda ruwa kan gudana har da rani a wuraren da a da ake takawa bisa rairayi.

Turba ba ta mutu ba, babur ya gaje ta. Wanda ke cikin hatsari shi ne burtali. Jama'a ta ƙaru, gona ta yi tsada, kowace shekara garma takan ɗan ci gefensa, taki ɗaya bana, taki ɗaya baɗi, har hanyar da garke ke bi a sake ta zama ba ta ɗaukar saniya biyu a jere. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma doka ba ta tsare abin da ba a auna an rubuta ba. Da yawa daga rigingimun ɓarnar gona da ake kaiwa gaban dagatai, asalinsu gardama ce a kan inda shinge yake a da, shaidar kuwa tana cikin kan tsofaffi kaɗai.

A nan ne malaman kwalejojin horon malamai ke da abin yi wanda ba ya bukatar kuɗi. Malami ya nemi iznin mai gari, ya ɗauki ɗalibai goma da dattijo guda na wurin, su fita da sassafe cikin watan Disamba ko Janairu, su bi turba ɗaya tak, ko daga Gaya zuwa Kademi, ko daga Ajingi zuwa Toranke. A rubuta sunan kowace mararraba da kowane loko da kowace rijiya yadda dattijon ya furta shi, da karin sautinsa, ba yadda taswira ta rubuta ba. A ƙirga faɗin burtali da taki, a kuma tambayi dattijon taki nawa ne sa'ad da yake yaro yana kiwo.