Bakin mashi na dutse a ƙasar da ba ta da dutse

Duk wanda ya yi noma a fadamun Nguru ko ya haƙa rijiya a Gashua ya san ƙasarmu rairayi ce da laka. Sai ka wuni kana haƙa ba ka ci karo da dutsen da za ka fasa goruba da shi ba. To da me mafarautan farko na wannan kwari, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suka haɗu suka zama kogin Yobe, suka yi makamai tun ƙarfe bai zo ba?

Cewa sun zauna a yankin, babu tantama. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, ƙaramar hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, ya tarar da kwalekwale a zurfin kusan mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus, Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone shi. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, kuma ba a samu jirgin ruwan da ya girme shi a Afirka ba. Yanzu yana Damaturu. An feƙe goshinsa da bayansa sumul, aikin da ba ya yiwuwa sai da kayan sassaƙa masu kaifi.

Irin kaifin da mutanen wancan zamani suke ɗaurawa a makami kuwa, an fi samunsa arewa da mu, a Saharar Nijar, wadda a da take da tafkuna da kifi da dorina. A Adrar Bous, gefen duwatsun Azbin, an tsinci iri-iri. Mafi tsufa shi ne wanda ake kira Ateriya, mai dubun-dubatar shekaru: dutse ne mai faɗi da aka fitar wa wutsiya a gindi domin a ɗaure shi a sanda. Bayansa akwai Unan, na kimanin shekaru 9,000 zuwa 10,000, siriri ne dogo, wutsiyarsa kamar basilla, wani lokaci ta karkata gefe. Daga baya makiyaya suka zo da ƙananan bakunan kibiya da aka sassaƙe fuska biyu, da yawansu na koren dutse.

A namu ɓangaren na kwarin Tafkin Chadi dabara ta bambanta. A tudun Daima da ke Borno, wanda Graham Connah ya tone a 1965 da 1966, an samu masun kamun kifi na ƙashi masu ƙayoyi, har da wanda aka tarar a kafe jikin ƙwarangwal ɗin mutum. Wato ba kifi kaɗai ake soka da su ba. A Gajiganna kuma, inda makiyaya suka zauna tun wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an samu gatura da bakunan kibiya da duwatsun niƙa, kuma dutsen daga nesa aka ɗauko shi, har daga duwatsun Mandara.

A ganinmu nan ne darajar abin take. Sassaƙaƙƙen dutse a ƙasarmu wani ne ya kawo shi, a ka ko a jirgi, kuma masana kan iya gane tsaunin da aka faso shi. Wanda muke kira gatarin aradu, har wasu su adana shi don magani, gatari ne da hannun mutum ya wasa.

Saboda haka ƙungiya na roƙon manoma da masu haƙar rijiya da masu ɗiban ƙasar bulo: in kun ci karo da irinsa, kada a sayar, kada a bai wa yara su yi wasa. A ɗauki hotonsa a inda yake, a lura da zurfin ramin, a sanar da mai unguwa, mu kuma za mu kai rahoto ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke Damaturu.