Kurɗuba a Ƙafa: Daga Gadar Rumawa Zuwa Kufan Azzahra

Almajirin da ya kai ga karatun Muwaɗɗa a zauren malaminsa, a Kano ne ko a Damagaram, da wuya ya san cewa ruwayar da ke hannunsa ta mutumin Kurɗuba ce. Yahya ɗan Yahya Allaisi ya je Madina ya ɗauki littafin a wurin Imamu Malik, ya koma gida ya yi ta karantar da shi har ya rasu a 848. Tafsirin Alƙurɗubi, da Bidayatul Mujtahid na Ibn Rushdi, da Tamhid na Ibn Abdulbarri, duk 'ya'yan garin nan ne suka wallafa su. Garin yana nan a kudancin Sifaniya, mazaunansa sun haura dubu 300, kuma tsohon cikin birnin mota ba ta ratsa shi sai da ƙyar. Mai son ya san shi, ya sa takalmi mai laushi ya yi sammako, musamman a Yuli da Agusta, lokacin da zafi kan wuce maki 40. A 2017 ma saura kaɗan ya kai 47.

An fi jin daɗin tafiyar idan aka faro daga ƙetaren kogin Gwadalkibir, ta kudu, gindin hasumiyar Kalahora. Daga nan ido ke ɗaukar garin gaba ɗaya: ga gada, ga katangar masallaci a bayanta, ga duwatsu can baya. Rumawa ne suka aza harsashin gadar tun kafin haihuwar Annabi Isa. Musulmi sun ci garin a 711, wajen 720 kuma gwamna Assamhu ɗan Malik ya sake gina ta. Bakuna 16 gare ta, ruwa na ratsawa ta ƙarƙashinsu, yau kuwa masu ƙafa kaɗai ke bin ta.

Kafin a hau gadar, ya kamata a dubi ƙasar da ake tsaye a kai. A nan wata babbar unguwa take a da, ana ce mata Shaƙunda, ta masu sana'a da ɗaliban fiƙihu. A 818 haraji da matsin sarki Alhakam na Ɗaya suka ishe su, suka tsallaka gada suka nufi fada. Dakarun sarki suka zagaya ta bayansu suka cinna wa gidajensu wuta. Marubuta tarihi na da sun ce an tsire mutum 300 a bakin kogi. Aka rushe unguwar ƙurmus, aka hana a sake gini a wurin. Waɗanda suka tsira, wasu suka yi Fas ta Maroko, inda har yau akwai unguwar Andalusawa, wasu suka yi Iskandariyya, daga can suka ci tsibirin Kirit. Shi kansa Malam Yahya sai da ya gudu Ɗulaiɗula kafin a yi masa afuwa. Masu yawon buɗe ido kan wuce filin nan da sauri don ɗaukar hoton gada. A ganina nan ne shafin farko na labarin garin, domin tun a nan ake gane cewa ɓarnar da ta fi yi wa Kurɗuba illa daga cikin gida ta fito.

Ana tsallakewa, ta hagu akwai Albolafiya, katafaren gargaren katako wanda a da ke ɗebo ruwa daga kogi zuwa lambunan fada. Sai ƙofar gada da aka gina a ƙarni na 16. Taku kaɗan, mutum ya iske kansa jikin katangar masallaci.

Abdurrahman Addakhil ne ya soma ginin, wajen 785. Jikan halifa Hisham ne na Banu Umayya. Ya kuɓuta daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa a 750, ya ratsa Arewacin Afirka a ɓoye, ya karɓi Kurɗuba a 756. Da ya tashi gina masallacin Juma'a, maginansa suka tattaro ginshiƙan marmara daga kufan gine-ginen Rumawa da na Bisigot. Matsalar ita ce ginshiƙan gajeru ne, idan aka aza rufi kai tsaye a kansu ɗakin zai danne mutane. Sai suka ɗora wani ginshiƙin dutse a kan kowane ɗaya, suka yi baka hawa biyu: na ƙasa mai siffar kofaton doki yana riƙe ginshiƙai kada su goce, na sama yana ɗauke da rufi. Suka jera farin dutse da jan bulo, ɗaya bayan ɗaya. Abin da duniya ke zuwa kallo ke nan, amma asalinsa dabarar magini ce da ya rasa dogon ginshiƙi. Wanda ya sunkuya a wannan sashe na farko zai ga gindin wasu ginshiƙan a nutse cikin daɓe, wasu kuma an yi musu matashi, don dai kawunansu su daidaita. Kawunan ma kowanne da irin sassaƙarsa, don ba daga gini ɗaya aka kwaso su ba.

Tafiya daga ƙofa zuwa alƙibla tafiya ce cikin shekara 200. Abdurrahman na Biyu ya ƙara tsawon ginin tsakanin 833 da 848. Abdurrahman na Uku, wanda ya naɗa kansa halifa a 929, ya faɗaɗa harabar ya gina sabuwar hasumiya wajen 951. Ɗansa Alhakam na Biyu, mai son littattafai, shi ya yi sashen da ya fi tsada tun daga 961. Ya aika wa sarkin Rumawa na Kustantiniyya, aka turo masa gwanin jera ƙananan ƙwayoyin gilas masu ruwan zinariya, shi ya koya wa 'yan gari aikin. Da su aka rubuta ayoyi kewaye da mihrabi. Mihrabin ba ɗan lungu ba ne a jikin bango, ƙaramin ɗaki ne sukutum, rufinsa an yi masa siffar ƙwaryar kifin teku. A gabansa sai a ɗaga kai. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin ɗaurin gugan tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, zai gane hikimar nan take: bakuna ne ke gittawa su ɗauki nauyin tulluwa. Sai dai a Kurɗuba bakunan takwas ba sa haɗuwa a tsakiya. Kowanne yana kaucewa gefe, su bar tauraro mai kusurwa takwas, a cikinsa kuma wata ƙaramar ƙubba.

Alƙiblar masallacin ta karkata kudu fiye da inda Makka take daga Sifaniya. Wasu masana sun ce tsarin titunan Rumawa aka bi, wasu sun ce daidaita ginin aka yi da ɗaya daga bangon Ka'aba. Ko da aka yi ta ƙari, ba a taɓa juya ta ba.

Ƙarin ƙarshe na Almansur ne, wazirin da ya riƙe mulki ya bar halifa Hisham na Biyu da suna kawai. Kogi ya tare kudu, don haka a 987 ya faɗaɗa ta gabas da layi takwas, suka zama 19. Nasa sashen ya fi kowanne girma, ya kuma fi kowanne gaggawa. A matsa kusa da baka a duba: jan nan ba bulo ba ne, dutse ne aka shafa wa fenti. A jikin ginshiƙan kuma akwai ƙananan alamomi da sunayen da masassaƙan dutse suka karce don a san aikin kowa. Ba su cikin littattafan sarakuna, amma hannunsu na nan. Ginin duka ya kai kimanin mita 180 a tsaye, 130 a kwance, kuma ginshiƙan da suka rage sun haura 850.

Ana cikin wannan duhu-duhu mai sanyi, sai kwatsam haske ya buɗe, rufi ya yi sama, mutum ya tsinci kansa a tsakiyar babbar majami'a. Sarki Farnando na Uku na Kastila ya ci garin a ƙarshen Yuni 1236, aka mai da masallacin coci. Kusan shekara 300 ba a yi wa siffarsa babban lahani ba. Magina da kafintoci Musulmi ne ma aka riƙa sa su gyara shi. A 1523 ne bishop Alonso Manrike ya ƙudura gina sabuwar majami'a a tsakiya. Majalisar gari, Kiristoci ne duk, ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Sarki Karlos na Biyar ya goyi bayan bishop, aka cire ginshiƙai aka soma aikin da bai ƙare ba sai farkon ƙarni na 17. Hasumiyar Abdurrahman kuwa tun daga 1593 aka lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa mai tsayin mita 54. Mai hawa matakalarta zai ga ragowar tsohon ginin a ciki.

Musulmin da ya tsaya gaban mihrabin nan, ga shinge tsakaninsa da shi, ga doka ta hana shi yin ko raka'a ɗaya, dole zuciyarsa ta sosu. A 2006 cocin ta yi rajistar ginin da sunanta a kan yuro 30, abin da ya jawo gardama mai zafi a Sifaniya. Duk da haka akwai gaskiyar da ba ta da daɗin faɗi. Babban masallacin Ishbiliya rushe shi aka yi, sai hasumiya da haraba suka rage. Na Kurɗuba ya kai yau ne domin ba a taɓa barin sa babu mai gyara rufinsa da share indararonsa ba, kuma domin mutanen garin, bayan addini ya sauya, sun ci gaba da ɗaukar sa nasu.

A fito ta harabar itatuwan lemo, inda a da ake alwala, a bi ta arewa maso yamma cikin tsohuwar unguwar Yahudawa. Lunguna ne matsattsu, bango fari fat da farar ƙasa, don inuwa ta daɗe iska ta ratsa. Akwai ƙaramin wurin ibadar Yahudawa na 1315, bangonsa da adon filasta irin na magina Musulmi, rubutun kuwa Ibrananci. Kusa da shi mutum-mutumin Musa ɗan Maimun yake zaune, likita kuma malamin Yahudawa, wanda iyalinsa suka bar garin bayan Muwahhidun sun karɓe shi a 1148, ya ƙare rayuwarsa a Masar a 1204. A fita ta ƙofar Almodobar, ga na Seneka, masanin falsafar Rumawa, shi ma haifaffen nan. A bi jikin ganuwa ta titin Ƙairawan, ga na Ibn Rushdi, alƙalin Kurɗuba, wanda aka haifa a 1126, aka kore shi daga garin a ƙarshen rayuwarsa aka ƙone wasu littattafansa, ya rasu a Marrakush a 1198. Alƙurɗubi ma a Masar ya rasu, a 1273. Garin ya haifi manya, kaɗan ne ya riƙe har kabari.

Gidajen unguwannin nan ba sa nuna komai ta waje. Sai an leƙa ta zaure a ga tsakar gida: rijiya, daɓen tsakuwa, tukwanen furanni rataye har saman bango, ana ba su ruwa da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora. Kowane watan Mayu masu gida kan buɗe ƙofa ga baƙi, a yi gasa, musamman a unguwar San Basiliyo. Fadar sarakunan Kirista ta 1328 tana nan kusa, inda Kolumbus ya gana da sarkin lokacin Farnando da sarauniya Isabela a 1486, daga baya ta zama mazaunin kotun binciken aƙida.

Sauran tafiyar sai an hau mota kilomita takwas zuwa yamma, a sauka a sake takawa. Madinatuz Zahra ke nan, birnin da Abdurrahman na Uku ya soma wajen 936 a gangaren dutse, hawa uku, faɗinsa hekta 112. Ana shiga ta sama a gangaro: gidan halifa, gidan waziri Ja'afar, zauren karɓar baƙi da aka gina tsakanin 953 da 957, sai lambuna, sai masallaci wanda alƙiblarsa ta fi ta cikin gari daidai. A nan aka karɓi jakadan sarki Otto na Jamus a 956. A nan Azzahrawi, marubucin Attasrif, ya yi aikin tiyata.

Birnin bai cika shekara 80 ba. A 1009 rikici ya ɓarke tsakanin 'yan gidan sarauta da mutanen gari da dakarun Barbar da Almansur ya shigo da su. Fadar Almansur, Azzahira, an wawashe ta har yau ba a tabbatar da inda take ba. A 1010 dakarun Sulaiman Almusta'in, ɗaya daga 'yan gidan sarautar, suka faɗa wa Azzahra, suka kewaye Kurɗuba har ta faɗi a 1013, shekarar da Malam Ibn Hazmi ya bar garin yana saurayi. A 1031 manyan gari suka soke halifanci, Andalus ta tarwatse zuwa ƙananan masarautu. Duk wannan ya auku shekara 200 kafin Farnando ya iso.

Daga nan Azzahra ta zama wurin ɗibar dutse. An kwashi kawunan ginshiƙanta zuwa Ishbiliya, akwai su a jikin hasumiyar Hiralda. A ƙarni na 15 aka gina gidan 'yan zuhudu na San Heronimo da duwatsunta, har sunanta ya ɓace, mutane suna ce wa wurin Tsohuwar Kurɗuba, suna zaton kufan Rumawa ne. Sai a 1911 Rikardo Belaskes Bosko ya soma tono, kuma abin da aka tone zuwa yau bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Adon bangon zauren karɓar baƙi a farfashe aka tsince shi, gutsure dubbai, aka yi shekaru ana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2018, shekara 34 bayan masallacin. Cikin kayan Azzahra, wata barewar tagulla da ruwa kan fita ta bakinta a da tana nan Kurɗuba, 'yar'uwarta na gidan tarihi a Doha, batta ta hauren giwa da aka sassaƙa wa yarima Almugira a 968 kuma sai an je gidan tarihin Luba a birnin Faris ake ganin ta.