Mura Mai Zafi da Zuciya: Ƙiba, Gishiri da Rama a Ƙasar Daura

Idan hunturu ya kankama a Daura, daga Mai'aduwa zuwa Ɓaure, tari da atishawa sukan zama ruwan dare, har ba a ɗaukarsu ciwo. Mafi yawansu mura ce gama-gari. Amma a cikinsu akwai mura mai zafi, wato infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Irinta ce ta shigo ta Legas a 1918, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, ta bi layin dogo zuwa Kano, ta ci rayuka kusan rabin miliyan a Nijeriya. Tun 2008 Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin cibiyoyin da ke sa ido a kanta.

Wannan cuta ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Ontariyo ta Kanada, aka fitar a 2018, ya nuna haɗarin toshewar jijiyar zuciya yakan ninka sau shida a mako na farko bayan an tabbatar mutum ya kamu. A Amurka kuma, cikin manya sama da 80,000 da aka kwantar saboda ita tsakanin 2010 da 2018, kusan kashi 12 cikin ɗari sun samu matsalar zuciya ta gaggawa. Dalilin a fili yake. Zazzaɓi yana sa zuciya gudu a daidai lokacin da huhu ya rage ba ta iska. Faɗan da garkuwar jiki ke yi da ƙwayar cutar yana kawo kumburi cikin jijiyoyi, jini ya yi saurin daskarewa, maiƙon da ya daɗe manne a bangon jijiya ya fashe ya toshe hanya.

Annobar infuluwenza ta 2009 ce ta fito da rawar da ƙiba ke takawa, sa'ad da likitoci suka ga masu ƙiba sun yi yawa a ɗakunan kulawa ta musamman, har da matasa. Kitsen ciki ba kaya ne da aka ajiye kawai ba. Yana fitar da sinadaran da ke riƙe jiki cikin kumburi mara ƙarewa, yana kasalar da ƙwayoyin garkuwa, yana kuma danne huhu daga ƙasa. A Nikaraguwa an gano manya masu ƙiba sukan daɗe suna fitar da ƙwayar cutar da kashi 42 cikin ɗari fiye da sauran. Masana a Jami'ar Kwinsland ta Ostareliya sun ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo, suka sa musu cutar, suka tarar zuciyarsu ta fi lalacewa. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma sakamakon, wanda ya fito a 2020, ya dace da abin da ake gani a gadon asibiti.

A nan ne nake ganin hatsarin kwaso darasin ƙasashen waje kacokan. Gaskiya ne teɓa ta samu gindin zama a wurinmu, musamman ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke wuni a zaune, ya karya da shayi mai suga cokali huɗu, ya rufe dare da balangu da lemon kwalba, jama'a kuma suna ce masa “Alhaji ya yi kyau.” Sai dai zuciyar da ta fi zuwa asibiti a gajiye a ƙasar Hausa ba ta mai tumbi ba ce kaɗai. Hawan jini ne kan gaba, kuma gishiri na rura shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, abin da bai cika ƙaramin cokali ba. A dubi tukunyar miyar kuka guda: gishiri, dunƙulen magi uku ko huɗu, ga ɗan kanwa, sannan a barbaɗa yajin da shi ma da maginsa a ciki.

Sai mai jego. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka bayyana a Zariya yadda zuciyar mata ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta hakan da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka nuna cewa rama da ƙarancin sinadarin seleniyom suna cikin abubuwan da ke tafiya da wannan ciwo. Ke nan ramammiyar yarinyar da ta haihu a wani ƙauyen Sandamu cikin watan Disamba, zazzaɓin mura ya same ta kafin arba'in, tana cikin hatsarin da sikeli ba zai taɓa nunawa ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ake saya a kemis. Wasu magungunan buɗe hanci suna ɗaga jini, ibuprofen da diclofenac kuma suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su tura zuciya mai rauni ga gazawa.

Allurar rigakafin infuluwenza tana taimakawa, ko da yake ba ta cikin jerin da ake yi kyauta a ƙasar nan. Gwajin da aka yi kan masu gazawar zuciya sama da 5,000 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, ya nuna a 2022 cewa ta rage ciwon nimoniya da kashi 42 cikin ɗari. Kafin ta wadata, mai hawan jini ko ciwon suga, mai jego, da wanda awon kugunsa ya haura rabin tsawonsa, idan mura ta zo musu da haki, ko nauyin ƙirji, ko kumburin ƙafa, ko suka kasa kwanciya sai an tara musu matashi, asibiti ya kamata a nufa da su a ranar, ba kemis ba.