FASHIN BAƘI: Shin wajibi ne namiji ya iya tuƙa mota mai giyar hannu? Abin da doka da hanyoyin Kebbe ke nunawa

A majalisun matasa daga Tambuwal zuwa Kebbe, ba sabon abu ba ne a ji ana zolayar wanda bai iya tuƙa mota mai kuloci ba. Wasu su ce bai cika direba ba, wasu ma su kai ga cewa bai cika namiji ba. Masu otomatik kuma kan mayar da martani da cewa zamani ya riga ya wuce wurin. Musun yakan ƙare da raha, amma a ƙarƙashinsa akwai batun samun aiki, da kuɗin gyara, da kuma wanda zai kai marar lafiya asibiti idan dare ya tsala. Ga bayanin yadda al'amarin yake.

Mene ne bambancin motocin biyu?

Injin mota yana da iyakar saurin juyawar da yake ba da ƙarfi a cikinta. Aikin giyabos shi ne daidaita wannan juyawa da bukatar tayoyi. Giya ta ɗaya tana ba da ƙarfin ja mai yawa amma gudu kaɗan, shi ya sa da ita ake tashi, da ita kuma ake hawan tudu da kaya. Giya ta huɗu da ta biyar suna ba da gudu, amma ƙarfin jansu kaɗan ne.

A mota mai giyar hannu, wadda aka fi sani da manuwal, direba ne ke zaɓar giya da kansa. Yana da abin takawa uku: kuloci, birki da totur. Idan ya taka kuloci, ya raba injin da giyabos ke nan, sai ya sauya giya, sannan ya saki ƙafarsa a hankali su sake haɗuwa. Duk wahalar koyo tana wurin sakin nan. Idan aka yi gaggawa mota ta yi tsalle ta mutu, idan aka jima ƙafa na kai farantin kuloci ya ƙone.

A otomatik abin takawa biyu ne kacal. Maimakon kuloci, yawancinsu suna da wata na'ura da ke isar da ƙarfin injin ta hanyar mai, kwamfutar motar kuma ita ke yanke shawarar lokacin sauya giya. Direba sai ya ji da sitiyari, birki da totur.

Yadda otomatik ta yawaita

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera giyar otomatik da yawa don kasuwa, inda ya gabatar da ita a 1939 cikin motocin Oldsmobile. Amurkawa suka rungume ta, har ta kai yau motoci masu giyar hannu ba su kai kashi uku cikin ɗari na sababbin motocin da ake sayarwa a can ba. Turai ta daɗe tana riƙe da giyar hannu saboda tsadar mai da ƙanƙantar motocinta, amma ita ma tana sauyawa.

A Najeriya, direbobin da suka tashi a shekarun 1970 da 1980 ba su san wannan musu ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma Fijo 404 da 504 da suka cika tashoshin Arewa mafi yawansu masu giyar hannu ne. Koyon mota a wancan lokaci yana nufin koyon kuloci. Sauyin ya zo ne da motocin kwatano. Waɗanda ake kawowa daga Turai, irin su Golf da Sharan, da yawansu manuwal ne. Waɗanda ake kawowa daga Amurka kuwa, irin su Camry, Corolla da Accord, kusan duk otomatik ne. Da motocin Amurka suka yawaita a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa, sai aka samu matasan da suka koyi tuƙi ba su taɓa taka kuloci ba.

Me ya sa giyar hannu ke da sauran ƙarfi a Kebbe?

Ƙaramar Hukumar Kebbe tana kudancin Jihar Sakkwato, tana iyaka da Zamfara da Kebbi. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,618, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 124,658. Wato ƙasa ce mai faɗi, garuruwanta irin su Kuchi, Margai, Girkau, Sangi da Ungushi suna warwatse. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, amma da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyuka, rairayi ne da rani, taɓo da damina.

A irin wannan wuri dalilai huɗu ne ke riƙe da giyar hannu.

Na farko, motocin aiki. Kanta da ke kwasar gero da dawa ranar kasuwa, da akori-kura, da yawancin bas-bas na haya, da tifa, da tirela, da tarakta, galibinsu masu kuloci ne. Matashin da ke neman aikin tuƙi a tasha ko a gona amma otomatik kaɗai ya iya, ya rufe wa kansa mafi yawan ƙofofin.

Na biyu, gyara. Farantin kuloci abu ne da ke cinyewa, amma bakanike na gari yakan iya sauya shi da kayan aikin da ke hannunsa. Giyabos ɗin otomatik yana bukatar mai na musamman, kuma idan ya samu matsala sau da yawa sai an kai shi birni wurin mai na'urar bincike, ko a sayi wani na hannu ɗungurungum. Ga mai mota a ƙauye, bambancin na iya zama tsakanin gyaran wuni ɗaya da ajiye mota wata guda.

Na uku, batir. Idan batir ya yi sanyi, ana iya tura mota mai giyar hannu ta tashi: a buɗe makulli, a sa giya ta biyu, a taka kuloci, mutane su tura, a saki ƙafa. Otomatik ba ta tashi ta wannan hanya. Jan ta da igiya zuwa nesa alhali tayoyin da injin ke juyawa suna ƙasa ma yana iya lalata giyabos.

Na huɗu, hanya. A cikin rairayi ko taɓo, direban manuwal yana iya zaɓar giya ta biyu ya tashi a hankali don kada tayoyi su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami. A gangara kuma yakan sauko giya, injin ya riƙe motar, birki ya huta. Otomatik ma tana da ƙananan giya don irin wannan yanayi, sai dai da yawa daga masu tuƙa ta ba su taɓa amfani da su ba.

Wani abin lura shi ne matasan karkara ba baƙin kuloci ba ne. Babur Bajaj Boxer da ake kabu-kabu da shi yana da kuloci a hannu da giya a ƙafa, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Wanda ya ƙware a kansa ya riga ya ci rabin karatun.

Me doka ta ce?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara lasisin tuƙi tare da haɗin gwiwar jihohi. Ƙa'ida ita ce mai nema ya kai shekara 18, ya halarci makarantar koyon tuƙi da hukumar ta amince da ita, jami'an VIO su yi masa gwaji, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Lasisin yana aiki na shekara uku ko biyar.

An raba lasisin rukuni-rukuni bisa nau'in abin hawa da nauyinsa. Rukunin A na babur ne, B na ƙananan motocin gida, F na tarakta da injinan gona, G na tirela. Rabon bai dogara da nau'in giya ba. Ma'ana, wanda ya koyi otomatik kaɗai yana riƙe da takarda iri ɗaya da wanda ya iya duka biyun.

A Birtaniya ba haka abin yake ba. Wanda ya ci jarrabawa da otomatik, lasisinsa na otomatik ne kawai, kuma laifi ne ya tuƙa manuwal da shi. Wanda ya ci da manuwal kuwa yana da izinin duka biyun. Ƙasashen Tarayyar Turai da Afirka ta Kudu suna da makamancin wannan tsari. A Najeriya giɓin yana nan: mai mota ko hukuma na iya miƙa makullin bas ga mutum mai ingantaccen lasisi wanda bai taɓa tsayar da mota a kan tudu da kuloci ba.

Don haka amsar doka a taƙaice ita ce, ba ta wajabta wa kowa iya giyar hannu ba, namiji ko mace. Abin da ta wajabta shi ne lasisi ga duk wanda ya hau titi.

Ina batun mazantaka ya samo asali?

Asalinsa tasha ne. Shekaru da dama hanyar zama direba a ƙasar Hausa ita ce zama yaron mota: wanki, lodi, sauya taya, sannan wata rana maigida ya ba ka sitiyari. Wannan makaranta ta maza ce zalla, motocinta kuma masu kuloci ne. Sai aka haɗa abubuwa biyun, iya giya ya zama alamar wanda ya sha wuya ya koya.

Tarihin mota bai goyi bayan wannan fahimta ba. A watan Agustan 1888, Bertha Benz, matar Carl Benz, ita ce ta fara yin doguwar tafiya da mota a duniya, kimanin kilomita 106 daga Mannheim zuwa Pforzheim a Jamus. A kan tuddai sai da 'ya'yanta biyu suka sauka suka tura, kuma bayan ta dawo ne ta ba mijinta shawarar ƙara wata giya don hawan tudu. Saudiyya, wadda ta daɗe da hana mata tuƙi, ta ɗage haramcin a ranar 24 ga Yunin 2018. Taka kuloci ba ya bukatar ƙarfin damtse, saba ƙafa yake bukata da natsuwa.

Inda tambayar ke da nauyi na gaske shi ne lokacin gaggawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma jinkirin isa asibiti yana cikin manyan dalilai. Wannan ne ya sa aka kafa shirin ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW a jihohi irin su Katsina, Zamfara, Jigawa da Yobe. A ƙauyen da motarsa ɗaya ce, kuma mai kuloci ce, idan direbanta ya yi tafiya ko yana kwance, motar ba ta da amfani sai an samu wani da ya iya ta. Haka yake idan matsalar tsaro ta tilasta wa mutane barin gari cikin dare. A wannan sa'a babu mai tambayar ko namiji ne ko mace, ma'aikaciyar jinya ce ko ɗalibi. Yawan masu iyawa shi ne abin bukata.

Abubuwa biyu da ake yawan faɗa

Ana cewa manuwal ta fi tsimin mai. A tsofaffin motoci haka ne, domin otomatik mai giya uku ko huɗu ta fi sha. Sababbin otomatik masu giya shida zuwa sama sun kamo ta, wasu ma sun wuce ta. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara muhimmanci, amma lafiyar injin, iskar taya da yanayin tuƙi suna iya shafe bambancin.

Ana kuma sa mota a firi a kan gangara, wai don a rage shan mai. Wannan ɗabi'a tana da haɗari, domin injin ya daina riƙe motar, nauyin duka ya koma kan birki, kuma idan ya yi zafi yakan daina kamawa. A motocin zamani ma babu riba a ciki, saboda kwamfutarsu tana yanke mai da kanta idan mota na gangara cikin giya ba a taka totur ba. Kashe injin a gangara ya fi muni, domin birki da sitiyari kan yi tauri.

Abin da ya rage ga hukumomi

Duniya na tafiya zuwa motocin lantarki, waɗanda yawancinsu ba su da kuloci ko giyar sauyawa. Amma motocin da ke tashoshin Kebbe da Tambuwal a yau za su jima suna aiki, kuma hanyoyin da suke bi ne za su yanke tsawon lokacin.

A nan ne tambayar ke komawa ga masu mulki. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya tashoshin mota da wasu hanyoyin cikin gida a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Matasan mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai, Aminu Waziri Tambuwal, daga 2011 zuwa 2015, suna da tambayoyin da za su iya yi wa kowane mai neman ƙuri'arsu. Nawa aka ware wa hanyoyin karkara, kuma waɗanne aka gyara? Ina makarantar koyon tuƙi mai rajista mafi kusa, kuma nawa ne kuɗinta? Idan an raba motoci ko taraktoci da sunan tallafi, an haɗa da horo da lasisi? Motar asibitin gari direba nawa gare ta?

Ga mai shirin koyo kuwa, namiji ko mace, lissafin a fili yake. Wanda ya fara da manuwal yakan saba da otomatik cikin ɗan lokaci. Wanda ya fara da otomatik sai ya koma makaranta kafin ya tayar da Kanta daga tashar Kebbe.